Loma da hankali: abin da akushin Falanko ke koyarwa

A Turai da Amurka likitoci sun fara koya wa mutane cin abinci da natsuwa: a ajiye waya, a tauna sosai, a saurari ciki. A Falanko, cikin gundumar Tanut ta jihar Damagaram, wannan darasi ya girmi kowa. Wannan yanki, ƙasar Damargu, ya daɗe yana ciyar da wasu, domin a nan ayarin Abzinawa ke sayen hatsi su haura da shi Ayar. Amma damina a nan gajeruwa ce. Wanda ya ga farin 1984, ko yunwar 2005 da ta biyo bayan fari da farar ɗango, ba ya wasa da tiyar hatsi. Tsofaffi na tuna cin 'ya'yan anza lokacin yunwa, wadda sai an yi kwanaki ana jiƙa ta ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita.

Addini ya ɗora nasa a kai. Ana wanke hannu, a yi bisimilla, a ci da dama, kowa gabansa, a rufe da hamdala. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Jiki amana ce, shi ya sa almubazzaranci ya zama laifi.

Binciken lafiya ya zo ya tarar da mu a nan. Narkewar tuwo tun daga baki take farawa, inda miyau ke soma farfasa shi. Saƙon ƙoshi kuma ba nan take yake isa ƙwaƙwalwa daga hanji ba, don haka mai gaggawa kan wuce iyaka bai sani ba. Wani bincike da aka yi a Mali, aka wallafa a 2018, ya nuna tuwon gero da na dawa sun fi shinkafa da taliya daɗewa a ciki. Manomin da ke cewa hatsi na riƙe ciki har la'asar ya san abin da yake faɗa.

Sai dai akwai inda na fi damuwa. Ba daidai ba ne a yi wa mai rumbu wayam wa'azin rage ci a watan Agusta. Natsuwar da ake bukata a Falanko ta haɗa da ɗaga ido a dubi sauran hannuwan da ke cikin akushi. A gidaje da dama uwa ce ke ci a ƙarshe, ko da tana da goyo. Yaron da aka yaye kuwa cikinsa ƙarami ne, hannunsa ba ya sauri, in aka haɗa shi da yayyensa sai ya tashi da yunwa, kuma ta nan tamowa ke shiga. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a ware masa ƙoƙonsa, a ƙara masa nono ko ƙuli-ƙuli ko garin zogale a kunu, babba ya zauna kusa da shi har ya gama, sau da yawa a yini.