Me ya sa ruwa ke gangarewa daga ganyen kabeji?

Duk mai noman rani ya san wannan haushin. Ka daka ƴaƴan bedi, ka jiƙa, ka tace, ka fesa wa kabeji, sai ka ga ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare ƙasa, tsutsa kuwa tana nan tana cin ganyenta. Wahala ta tafi a banza.

Laifin ba na bedi ba ne. Ruwa yana da wata irin fata a samansa. Ƙananan ƙwayoyin ruwa suna jan junansu ta ko'ina, amma waɗanda ke can bisa ba su da ƴan uwa a samansu, iska ce kawai, don haka sai a janyo su ciki. Shi ya sa saman ruwa ke ɗaurewa, ɗigo kuma ya zama kamar ƙwallo. Ganyen kabeji kuwa yana da wani kaki a jikinsa wanda ruwa ba ya kamawa.

Ku gwada a gida: cika kwano da ruwa, ɗora allura busassa a hankali, za ta kwanta a bisa. Taɓa ruwan da sabulu, nan take ta nutse. Sabulu yana shiga tsakanin ƙwayoyin saman ruwa, ya rage ƙarfin fatar da fiye da rabi. Dalili ke nan malaman gona ke cewa a sa ɗan sabulu cikin ruwan bedi, don ya shimfiɗu ya jiƙa ganyen duka. Ɗan kaɗan fa! In ya yi yawa yana ƙona ganye.

Abin da ya burge ni, wata Bajamushiya mai suna Agnes Pockels wajen wanke-wanke ta fara lura da wannan, har aka buga bincikenta a 1891.

Fatar nan kuma ita ce madogarar tsutsar sauro: a jikinta take rataya tana shaƙar iska. Shi ya sa da can ake zuba mai a kududdufi don ta shaƙe. Amma don Allah kar wani ya zuba baƙin man mota a tabkin da bisashe ke sha. Ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar taya ko fasasshen tulu, a zubar da shi kawai.