Yadda Ake Yanka Ramin Sauti a Fuskar Ukulele

Ramin da ke fuskar ukulele, ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu ta Hawai, shi ne mafitar iskar da ke kaɗawa cikin akwatinta. In ya faɗaɗa, amon ya yi sama. In ya tsuke, amon ya yi zurfi.

Katakon fuskar, galibi kaurin milimita 2, ba ya son garaje. Masassaƙi yakan huda tsakiya, ya kafa ƙusa, ya fara sassaƙa gurbin adon kewaye tun cibiyar tana nan. Sannan ya zagaya da wuƙa sannu a hankali, rabi ta gaba, ya kifa katakon ya ƙarasa ta baya, don kada bakin ya ɓare. Sai a goge da samfefa, a manna 'yan sanduna ta ciki su ƙarfafa wurin.