Kaskon Gawayi a Rufaffen Ɗaki: Haɗarin Hunturu a Pauwa da Kewaye

Daga ƙarshen Nuwamba iskar hunturu kan fara kaɗawa a Pauwa da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a jihar Katsina, ɗauke da ƙurar da yawancinta ke tasowa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi. A Disamba da Janairu, ma'aunin zafi kan sauko kusa da digiri 10 da asuba. Gidajen yankin kuwa don zafi aka gina su, kuma rufin kwano ba ya riƙe ɗumi. Duk da haka, ba kasafai sanyin kansa ke kisa ba. Abin da mutane ke yi don guje masa shi ya fi ɓarna.

Babban abin tsoro shi ne kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a kwana. Idan gawayi na ci a inda iska ba ta wadata ba, yakan fitar da guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mata da yawa sukan jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi jawur, sannan su shigar da kasko, a zatonsu haɗarin ya wuce. Bai wuce ba, domin jan garwashi ma yana fitar da ita. Da ta shiga huhu sai ta kama jini, kamun da ya fi na iskar oksijin ƙarfi sau fiye da 200, ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke raya su.

Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ya ɗauka mura ce ko zazzaɓin cizon sauro. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Shi ya sa idan aka wayi gari da gawarwaki a ɗaki ɗaya babu rauni, sai zargi ya koma kan abinci ko sammu, alhali kaskon na gefe da tokarsa. Alamar da za a riƙe ita ce: duk 'yan ɗaki su kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma su ji sauƙi da sun fita waje. Hayaƙin janareta da aka tayar a zaure ko kusa da taga ma haka yake yi.

A wannan yanki lamarin yana da wata fuska. Hare-haren 'yan bindiga sun koya wa mutane garƙame ƙofa da toshe taga tun magariba, kuma iyalan da suka baro ƙauyuka suna cunkushe a ɗakunan 'yan uwa a Ƙanƙara, Faskari da Funtuwa. Babu mai hankalin da zai ce wa irin waɗannan bayin Allah su kwana ƙofa a buɗe. Abin da zai yiwu shi ne a ɗumama ɗaki da wuri, taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a bar aikin ɗumi ga bargo, hula da safa.

Sai gobara. Hunturu na zuwa ne bayan kaka, lokacin da harawa ke kan rufi, kara na jingine da katanga, auduga da masara na cikin ɗaki, komai ya bushe ƙayau. Babbar kasuwar Katsina ta ƙone a watan Maris na 2021, ta Sabon Gari a Kano a Maris na 2016, kuma waɗannan birane ne masu motocin kashe gobara. A ƙauye, kafin taimako ya iso an rasa rumbu. Jarkar fetur ta 'yan bumburutu a ɗakin kwana, hitar ruwa da aka manta a jone bayan an ɗauke wuta, da ƙona daji don farautar gafiya, duk hanyoyin tashin gobara ne da aka sani. Yara da masu farfaɗiya kada a bar su su kaɗai a bakin wuta. Idan an ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin na minti 20. Man goge baki, ƙwai da baƙin mai ƙara lalata ciwon suke yi.

A wurin aiki, ɗan acaɓa da ke bin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara da sassafe yana fama da hazo da yatsun da suka sandare a kan birki. Safar hannu da kunna fitila ba ƙawa ba ne. Manomin rani a bakin madatsar Mairuwa da ya jiƙe da asuba ya sauya kaya da ya fito. Masu sussuka da masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara suna shaƙar ƙura biyu, ta aiki da ta sama, don haka su rufe hanci da baki. Masu asma da amosanin jini sanyi na tayar musu da ciwo, su yawaita shan ruwa ko ba sa jin ƙishi.

Busasshiyar iska na kuma tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar sanƙarau hanya, cunkoson ɗaki ya yaɗa ta. Annobar da ta faro daga Zamfara, maƙwabciyar Faskari, a ƙarshen 2016 ta shiga Katsina da Sakkwato, ta kashe mutum fiye da 1,000 a faɗin Najeriya. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i 5 na ƙwayar. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, na bukatar asibiti a ranar, domin cutar kan iya kisa cikin sa'o'i 24.