'Yan Jami'a Da Aikin Gayya: Ina Rabonmu Mata?

Wannan mako zancenmu a kan 'yan jami'a ne, da aikin taimakon jama'a da su kan yi, da yadda amfaninsa zai iso har cikin gidajenmu.

Kun dai san Katsina gidan ilmi ce tun zamanin Gobarau. A nan aka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, domin a horar da malamai. Wanda duk ya gama ba a barinsa ya zauna, sai a tura shi ya koyar. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk daga nan suka fita, kowa kuwa da aikin malanta ya fara. Yau ga Jami'ar Al-Qalam da aka kafa cikin 2005, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta 2006, duk a bakin hanyar Dutsin-Ma. To, ilmin nan da a ke tarawa a bayan gari, nawa ne daga cikinsa ya ke shigowa ta Ƙofar Ƙaura ya kai ga matar da ke cikin kulle a Rafindadi ko Gambarawa?

Aikin da ɗalibai su ke yi a waje iri biyu ne. Na fari shi ne wanda makaranta ta ɗora musu, kamar gwajin koyarwa da masu koyon malanta su kan je yi a makarantun gari, ko koyon aiki a ma'aikata. Wannan akwai malami mai dubawa, akwai maki, amma sau da yawa hankalin yaro yana kan makin ne kurum. Na biyu shi ne aikin sa kai, wanda ƙungiyoyin ɗalibai su kan shirya don kansu: yashe lambatu kafin damina, gai da marasa lafiya a asibiti, koyar da ƙanne lokacin hutu. Wannan akwai zuciya a ciki, sai dai ba mai dubawa, kuma in shugabannin ƙungiya suka gama karatu aikin ya kan mutu. Kun ga ke nan ɗaya yana da tsari, ɗaya yana da niyya. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Haɗa su ba abu ne da ba a taɓa yi ba. A Jami'ar Ilorin, tun ƙarshen shekarun 1970, masu koyon likitanci su kan je su zauna cikin ƙauyuka, su bincika ruwan da mutane ke sha da cututtukan da ke damunsu, su rubuta abin da suka gani, a lissafa musu shi cikin karatu. Haka nan 'yan bautar ƙasa, wadda aka kafa cikin 1973, a kan ware musu rana guda kowane mako don aikin raya jama'a. Mu kuwa da ma mun san gayya: a taru a nome gonar wani yau, gobe a koma ta wani.

Ga inda maganar ta shafe mu. Ɗalibi namiji iyakarsa zaure, amma ɗaliba ta kan yi sallama ta shige har tsakar gida. A can kuwa yaro ke kwana da zawo, a can mai ciki ke shawarar ko ta je awo ko ta bari, a can a ke yanke ko yarinya za ta ci gaba da karatu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, ta gane wannan tuni, shi ya sa ta naɗa jajis, mata masu kai karatu ga mata 'yan'uwansu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ku duba misali. Ɗaliba ta zauna da matan gida biyar, ta nuna musu ruwan gishiri da sukari na mai zawo: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan har a isa asibiti. Ita kuma ta ji daga bakinsu inda su ke ɗebo ruwa, da abin da ke hana su zuwa asibiti da wuri. Wannan darasi ba ya cikin littafinta. Ta koyar, ta kuma koya.

Saboda haka, uwargida, in ɗalibai mata suka zo unguwarku da sanin mai unguwa da yardar maigida, a shimfiɗa musu tabarma. Kada ki ji kunyar faɗin abin da ku ke bukata, ko karatun boko ne, ko lissafin adashi da na sana'a. Ki kuma tambaye su: wane malami ke duba aikin nan, yaushe za ku komo, in kun gama wa zai gaje ku? Taimakon yini guda da ɗaukar hoto ba ya warkar da kowa.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku jira sai kun shiga jami'a. Hutun nan mai zuwa kowace ta zaɓi mace ɗaya ko ƙanwa ɗaya a gidansu, ta koya mata rubuta sunanta da karanta katin asibiti. Kakanninku sun yi irin wannan zamanin Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, da allo da alli.

Shugabannin jami'o'inmu kuwa muna roƙonsu su ba kowane aji unguwa guda da zai riƙe shekara da shekaru, a sa malama ta duba, a lissafa aikin cikin sakamako.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.