Kasuwar Sabon Birni da Arzikin Gulbi

Wanda duk ya nufi fahimtar kasuwar Sabon Birnin Gobir, wajibi ne ya fara duban ruwa kafin ya dubi rumfuna, domin a wannan nahiya ce gulaben Bunsuru da Gagare suke haɗuwa daga wajen Isa, Gulbin Maraɗi kuma ya gangaro daga arewa, su taru cikin Rima su malale fadama, su bar mata laka mai albarka. Kamar yadda koguna biyar suka mai da ƙasar Panjab rumbun alkamar Hindu da Pakistan, haka waɗannan gulabe suke ciyar da Gobir, illa dai can da manyan magudanai ake ban ruwa, nan kuwa jigo aka gada, kafin injin ya karɓe shi.

Saboda haka ko a tsakiyar rani, sa'ad da tudu ya bushe ƙayau, za ka tarar da albasa jibge cikin buhuna, ga tattasai da rake da bandar kifi, ga mai awo ta cika tiya da shinkafa har ta yi tozo, mai saye kuma bai gushe ba yana neman gyara. A kara kuwa, inda ake ɗaure jajayen awaki waɗanda fatarsu ta shahara har Turai, dillali ne sarki: mai dabba ya ce albarka, a ƙara, ya sake cewa albarka, sai la'asar ta kawo jiki a ji ya sallama, a fitar da la'ada.

Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 Gobirawa sun watse, wasu suka kafa Tsibiri, daga bisani Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Da Ingilishi da Faransa suka shata iyaka, sai dangi guda ya wayi gari ƙarƙashin hukuma biyu. A ganina kasuwa ba ta taɓa gaskata wannan rabo ba, gama har yau mutanen Maraɗi suna kawo kanwa da dabino da dabbobi, su koma da hatsi, 'yan canji na juya sefa zuwa naira.

Abin da iyaka ta kasa, fitinar 'yan bindiga ta kusa yi, har a 2021 gwamnatin Sakkwato ta dakatar da cinikin dabbobi a Isa da Sabon Birni. Manomin fadama a yau lissafi biyu yake yi, na farashi da na hanya, albasa kuwa ba ta jure dogon jira a buhu.