Zuciyar Mai Motsa Jiki Ba Ta Gaggawa

Sau da yawa hankalin mutum kan tashi idan aka auna bugun zuciyarsa aka ce bai kai 60 a minti guda ba. Manomin Kiyako da ya saba huɗa da garma, da ɗalibin da ke tuƙa keke zuwa makaranta kullum, da ɗan ƙwallon Gwaram, kowannensu na iya jin wannan magana, alhali kuwa lafiyarsa ƙalau.

Zuciyar baligi idan yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti. To, amma zuciya tsoka ce, aiki na ƙara mata ƙarfi. Jikin mai hutawa na bukatar kimanin lita 5 ta jini kowane minti. Zuciyar da ke tura mililita 70 a bugu ɗaya sai ta buga wajen sau 70 kafin ta cika wannan mudu. Wadda ta horu kuwa, tana tura mililita 100, bugu 50 ya wadatar. Shi ya sa gwanayen tsere kan sauka har 40. An ruwaito cewa bugun Miguel Indurain na ƙasar Sifen, wanda ya lashe tseren keke na Faransa sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, yakan sauka zuwa 28.

Sai dai a yi hattara, ba kowane jinkirin bugu ne alamar ƙarfi ba. Idan ya zo da jiri, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko haki, ko kasala marar dalili, to a garzaya asibiti. Tsufa, da raunin hanyoyin da ke kai saƙon bugu cikin zuciya, da magungunan hawan jini irin su atenolol, duk sukan jawo shi. Kada mai shan magani ya daina da kansa. Ya nemi likita a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibiti mafi kusa, a yi masa awon zuciya.

Ya kai mai karatu, gobe da asuba kafin ka tashi daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ƙasan babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Ma'aikacin da ke wuni kan kujera kuwa, in ya tarar nasa ya yi ƙasa ba tare da motsa jiki ba, shi ya fi cancanta ya bincika. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.