Sunan Unguwa Ma Darasi Ne: Mu Koya Wa Yara Tarihin Garinsu

Ka tsayar da ɗan aji biyar a birnin Kano ka tambaye shi me ya sa ake kiran unguwarsu Tudun Nufawa ko Zangon Barebari. Da wuya ka ji amsa. Kullum ta nan yake bi zuwa makaranta, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa sunan nan yana da labari. Wannan giɓi mu iyaye da malamai muka bar shi.

Alhali kayan koyarwar suna nan a ƙofar gida. Tudun Nufawa, Ayagi, Agadasawa da Zangon Barebari shaida ne cewa Nufawa da Yarbawa da mutanen Agadas da na Borno sun zo fatauci da neman ilmi, aka ba su masauki, suka zama 'yan gari. Yaron da ya ji wannan tun yana ƙarami zai san cewa da baƙi aka gina Kano, kuma ba zai yi saurin raina maƙwabcinsa don harshensu ya bambanta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga unguwa sai a faɗaɗa. A hau da yara Dutsen Dala, a ba su labarin Barbushe da mutanen da suka fara zama a gindinsa suna narka ƙarfe. A nuna musu abin da ya rage na ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa, su ƙirga ƙofofin da suka sani. A kai su Gidan Makama su ga kayan yaƙi da tsofaffin hotuna, su ji cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da sarakuna ke zaune a ciki har yau, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A marinar Ƙofar Mata kuwa, su ga yadda ake tsoma farin yadi a ruwan baba ya fito shuɗi. Abin da ido ya gani, hannu ya taɓa, ya fi zama a zuciya fiye da abin da aka kwafa daga allo.

Kada malamin karkara ya ce wannan aikin na 'yan birni ne. Katsina na da Hasumiyar Gobarau, Daura na da rijiyar Kusugu, haka kowane ƙauye na da tsohuwar rijiya, da kuka ko tsamiyar da ake zama a gindinta, da zuriyar maƙera ko masaƙa. Malami na iya ba yara aikin gida mai sauƙi: kowa ya tambayi kakansa wa ya sari garin, daga ina aka taso, wace sana'a aka san gidansu da ita. Su rubuta, su karanta wa juna a aji. A gayyato mai unguwa ko wani dattijo ya zo ya cike musu abin da suka rasa. Wannan ba ya cin ko sisi.

Abin damuwa shi ne lokaci. Ganuwa na rushewa, ana gine-gine a kanta, dattawan da suka riƙe labarin kuma suna ta yi mana bankwana. Don haka muna kira ga shugabannin makarantu su ware rana guda a kowane zango don fita ziyara, iyaye kuma su maido da hirar dare. Mai karatu, yau bayan sallar isha'i ka kira 'ya'yanka, ka fara musu da sunan unguwarku.